"A Kai Shi Gida": Wane Gidan Kuma?

 

Wannan karon ba maganar farashin goro ko ta kara za mu yi ba. Magana ce da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, kowa ya san ta, kowa kuma ya ja bakinsa ya yi shiru. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, don mu ma da muke rubutun ta taɓa mu, kuma za ku ji inda ta taɓa mu.

Mu 'yan kasuwa ne, amma Allah Ya ɗora mana jan salla idan liman ba ya nan, kuma mu ake bugo wa waya idan an yi rashi. Hannunmu ya wanke gawa ba ɗaya ba, ba biyu ba, a unguwar nan. An umarci mai wanka ya rufe abin da ya gani, saboda haka ba za mu kama suna ba, ba za mu nuna ƙofar kowa ba. Amma wallahi mun juya tsoho mun ga gyambo a ƙugunsa har ƙashi ya leƙo. Mun ga shatin igiya a ƙafar dattijon da ya yi shekara arba'in yana sahun farko. Mun ga farcen da ya yi wata da watanni ba a yanke ba. Bayan kwana uku sai ka dawo wannan gidan ka tarar an kafa rumfa, an yi hayar kujeru, an ɗora tukwanen shinkafa, ana ta raba ruwan leda da lemo, wai sadakar Baba. Haba jama'a! Kuɗin rumfar nan kaɗai da ya sayi katifa mai laushi da maganin wata guda.

Wannan ma ga wanda ya yi sa'a ya mutu a ɗakinsa ke nan. Akwai waɗanda ba mu samu wanke su ba, domin tun da ransu aka kawar da su daga unguwa. Kun san yadda ake yi. Tsoho ya fara mantuwa, ya fara maimaita magana ɗaya sau goma, ya fara fita da dare, fitsari ya fara kufce masa. Sai 'ya'ya su zauna su yi shawara, sai ka ji an ce, "Ai gara a kai shi gida." A samo kujera a motar Arewa, wani lokaci ma gaban tirelar da ta sauke shanu za ta koma, a haɗa masa 'yar jakarsa da buta da carbi, a danƙa shi hannun wani ɗan'uwa ko ma direba. Ogbomosho, Ilori, Jaba, Mokwa, yini da dare a kan hanya. Can a sauke shi a ƙauyen da ya bari tun yana saurayi, a hannun ƙanwarsa wadda ita ma neman mai riƙe ta take yi.

Mun taɓa yi. Shekarun baya aka kira mu mu yi addu'ar tafiya ga wani dattijo, maƙwabcinmu, wanda a hannunsa muka koyi bambance ɗan goro mai kyau da mai ƙwari. Muka ɗaga hannu muka yi addu'a, muka kama shi muka sa a mota. Yana ta tambaya, "Ina za mu? An kira la'asar?" Muka ce masa gida za shi. Ya ce, "To ai ga gidan nan," yana nuna ƙofarsa. Muka yi dariya muka ce gigi ne. Bai cika wata biyu a can ba ya fita da asuba, wai zai tafi masallacin Sabo. Sai bayan kwana biyu aka tsince shi a gonar wani, rai ya yi halinsa. Shi da muka ce ya ruɗe, shi ne ya faɗi gaskiya a ranar nan. Mu masu hankalin mu ne muka yi ƙarya, kuma har yau abin bai bar mu ba.

Shi ya sa muke tambaya: wane gida? An kafa Sabon nan tun 1916. Akwai tsofaffi a cikinmu da a nan aka yanke musu cibi. Akwai waɗanda suka zo suna 'yan shekara ashirin, suka yi aure a nan, suka haifi 'ya'ya a nan, suka binne iyayen gidansu da abokansu a nan. Wanda ya shekara hamsin yana bin lungu ɗaya zuwa masallaci ɗaya, ƙafarsa ta haddace hanyar ko da kansa ya manta. Mai gigin tsufa da abin da ya saba yake rayuwa: ƙofar da ya sani, muryar ladanin da ya sani, fuskar mai shayin da ya sani. Ka cire shi daga nan, ka cire masa ɗan abin da ya rage yana dafawa. Likitocin da ke duba irin waɗannan marasa lafiya suna gargaɗi a kan haka, cewa sauya wa mai wannan ciwo wuri yakan ƙara masa ruɗewa da firgici. Mu ma ba sai likita ya gaya mana ba, mun gani da idonmu.

Bari mu tsaya a kan ciwon kansa, don rabin zaluncin da ake yi daga rashin sani ne. Abin da muke kira gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ciwon suga yake ciwo, kamar yadda hawan jini yake ciwo. Ba kowane tsoho ne yake yin sa ba. Ga dattawa nan 'yan shekara tamanin da ke lissafin kuɗin buhu ɗari da ka, ba su kuskure. Wanda ya kamu, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa ne suke lalacewa a hankali. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda ake kira Alzaima, sunan wani likita Bajamushe da ya fara bayaninsa a 1906. Wani nau'in kuma daga toshewar hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa yake zuwa, kuma shi ne ya fi kusa da mu, domin hawan jini da suga da shanyewar ɓarin jiki su ne ƙofarsa, ga shi mu mutane ne da ba ma zuwa awo sai mun faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ne ke ɗauke da wannan ciwo a duniya. Kada wani ya ce ai ciwon Turawa ne. A nan garin Badun, tun 1992, likitocin jami'a tare da takwarorinsu na Indiyanafolis a Amurka suka yi shekaru suna bin tsofaffin Yarbawa gida gida suna nazarin wannan ciwo. Sun tarar bai kai yawan na baƙaƙen fatar can ba, amma yana nan. In yana gidan maƙwabcinmu Bayarabe, me zai hana shi tsallako titi ya shigo Sabo?

Alƙur'ani ma bai bar mu cikin duhu ba. Ku buɗe Suratun Nahli aya ta 70, da Suratul Hajji aya ta 5, ku tambayi malaminku fassara. A can Allah Ya ba da labarin wannan matakin na rayuwa, inda sani yake zubewa daga mutum bayan ya taɓa sani. Bai ce aljani ba ne, bai ce sammu ba ne, bai ce alhakin wani ne yake bin sa ba. To mu daga ina muka samo namu fassarar? Tsoho ya kira matarsa da sunan uwarsa, sai a ce an yi masa asiri a kasuwa. Tsohuwa ta tashi da dare tana magana da mutanen da suka daɗe da rasuwa, sai kishiyar 'yarta ta fara raɗa, wai dama ana zargin tana da maita. Subhanallahi! Matar da ta yi goyon rabin yaran layin, yau ita ce mayya don ƙwaƙwalwarta ta gaji?

Daga nan sai 'yan kasuwar aljanu su shigo. Ba mu musun ruƙiyya, ba mu musun addu'a, mu ma muna tofa wa marasa lafiya, kuma ba za mu daina ba. Abin da muke musu shi ne mutumin da zai karɓi kuɗin rago, ya rufe tsoho a ɗaki da hayaƙin barkono, ya tsula masa bulala wai aljanin yake duka. Jikin wa bulalar take sauka? Wanda ya yi wa ubanka haka a kasuwa sai inda ƙarfinka ya ƙare, amma ka biya shi ya yi masa a cikin gidanka. Ɗan'uwansa kuma shi ne yaron kemis da zai ba ku ƙwayar barci ba tare da takardar likita ba, "ku ba shi biyu da dare ku huta." Tsoho ya sha ya tashi yana layi, ya faɗi a bayan gida ya karya ƙugu, daga nan sai kwanciya, daga kwanciya sai gyambo, daga gyambo sai a kira mu.

Ga wani abu da ya kamata kowane gida ya sani. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, wata da watanni, shekara da shekaru. Idan kuwa tsohon da jiya lafiyarsa ƙalau ya wayi gari yau bai san inda yake ba, yana fizge fizge, wannan wani abu ne daban, kuma sau da yawa yana da magani. Ciwon mafitsara yana kawo shi, zazzaɓi yana kawo shi, ƙarancin ruwa a jiki, faɗuwar suga ko hawansa, ciwon huhu, har da wasu magungunan da aka haɗa masa barkatai. Irin wannan asibiti ake kai shi a ranar, ba a jira. Wani kuma kunne ne ya toshe ko yana ta rufe ido, ba ya ji ba ya gani sosai, sai a ce ya ruɗe. Tsofaffi nawa muka yanke wa hukuncin gigi alhali abin da ke damunsu na kwana biyar ne a gadon asibiti?

Kuma abin takaicin, asibitin yana bayan gidanmu. Daga Sabo zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'a, UCH, wanda aka buɗe tun 1957, ko kuɗin acaba bai taka kara ya karya ba. A cikinsa akwai cibiya ta musamman ta duba tsofaffi, mai sunan Cif Tony Anenih, da aka buɗe a 2012, irinta ta farko a ƙasar nan. Mutane suna tahowa daga wasu jihohi don su kawo iyayensu. Mu da muke jin jiniyar motar asibitin daga ɗakunanmu, mu ne muke ɗaukar namu tsohon mu yi tafiyar yini da dare da shi zuwa inda babu ko mai awon jini. Gaskiya ce, likita ba zai warkar da gigin tsufa ba, har yau ba a samo maganin da ke tsayar da shi ɗungurungum ba. Amma zai tantance ko shi ne ko ba shi ba ne, zai daidaita hawan jini da suga don kada abin ya yi sauri, zai rage magungunan da ke cutar da shi, zai koya wa masu jinya yadda za su yi.

Mun san abin da za a ce, don an sha gaya mana a shago. Za a ce, "Malam, kai ba ka san halin da muke ciki ba. Ɗaki ɗaya, yara shida, haya ta hau, kasuwa ta mutu." Mun sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba mu raina talaucin kowa ba. Amma mu yi wa juna adalci. Ƙauyen da kuke tura shi, su attajirai ne? Tsohuwar da za ku sauke wa shi, wa yake ciyar da ita? Ba ku rage nauyin ba, kun dai kai shi inda idonku ba zai gani ba, kuna turo dubu biyar ta waya a ƙarshen wata kuna cewa kun sauke farali. Kuma mun lura, ba masu ɗaki ɗaya ne suka fi yin wannan ba. Sau da yawa gidan sama ne, mai mota a ƙofa, inda uwargida ta ce warin fitsari yana korar mata baƙi.

Za a ce, "Ai shi ya ce a kai shi, yana so a binne shi kusa da iyayensa." In da gaske ya faɗa tun yana cikin hankalinsa, ya nanata, kuma akwai mai riƙe shi a can tsakani da Allah, to wannan haƙƙinsa ne, a cika masa, ɗansa ya raka shi ya zauna da shi har ya saba. Ba da wannan muke faɗa ba. Amma ku sani, mai gigi yakan ce "zan tafi gida" ko yana zaune a tsakiyar ɗakinsa. Gidan da yake nema na shekara sittin baya ne, da uwarsa a tsakar gida tana daka. Wannan gidan babu motar da ke zuwa can. Abin da yake nema a kwantar masa da hankali. Ka zauna kusa da shi, ka riƙe hannunsa, ka ce, "To Baba, bari a yi salla tukuna," ka jawo masa hirar da, sai ka ga ya lafa. Kada ka mayar da maganar mara lafiya hujjar raba kanka da shi.

Za a ce, "Yana fita yana ɓata, kuma garin nan ba namu ba ne." Wannan tsoro ne na gaskiya. Mai wannan ciwo yakan manta harshen da ya koya da girma ya koma na yarinta. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana ciniki da Yarbanci sai ka ga ko gaisuwa ta ɓace masa. Ka ƙaddara shi a shataletalen Mokola da magariba, ba ya iya faɗin sunansa, yana kama hannun yaron mutane don ya ɗauka jikansa ne. Tun abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 kowa ya san yadda ƙaramar magana take zama gobara. Amma maganin wannan ba igiya ba ce, ba kwaɗo a ƙofa ba ne, ba kuma motar Arewa ba ce. Maganinsa unguwa ta san shi. Mai shayi ya sani, 'yan acaban bakin layi su sani, maƙwabtanmu Yarbawa su sani, cewa Baba wane ba shi da lafiya, in an gan shi a riƙe shi a kira lamba kaza. A ɗinka masa 'yar takarda a aljihun riga da sunansa da unguwarsa da lambar waya, da Hausa da Yarbanci da Turanci. Ɓoyewar da muke yi don kunya ita ce take jefa shi cikin haɗari.

Yanzu ga 'yan'uwanmu masu tsananin addini a inda addini ya yi sauƙi. Tun a Islamiyya, a Ahalari da Ishmawi, aka koya mana cewa hankali sharaɗi ne na wajabcin ibada. Wanda hankalinsa ya gushe, alƙalami ya sauka daga kansa. In ya yi azahar raka'a bakwai, ku bar shi. In ya yi alwala sau biyar ya manta ya yi, ku ba shi ruwan ɗumi. In ya ci abinci da rana a Ramadan, babu komai a kansa, kuma wanda ya hana tsoho mai ciwon suga da gigi ruwa tun asuba har magariba wai yana tsare masa azumi, ya ji tsoron Allah. In ya yi zagi, in ya tuɓe, in ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, ciwon ne, ba asirinsa ne ya tonu ba. Masu raɗar "mugun cikawa" su kama bakinsu. Ubangijin da ya bauta wa shekara saba'in da hankalinsa ba Ya mantuwa.

Wannan hukuncin kuwa yana da ɗaya gefen, wanda wasu ba sa so a taɓo. In ba a bin sa salla, to cinikinsa ma bai ƙullu ba. Ɗan da ya kama babban yatsan ubansa ya dangwala a takardar sayar da gida, ko ya karɓe katin bankinsa yana zara, ko ya sa shi ya "yi kyautar" shago ga ɗaki ɗaya a bar sauran, haram ya ci, ko da lauya ya buga hatimi. Dukiyar mai gigi amana ce. A naɗa mata wakili a gaban shaidu, a ciyar da shi daga cikinta, a yi masa magani daga cikinta, a fitar masa da zakka in ta kai. Ba gado ba ce tukuna. Mai ita yana numfashi.

Sai maganar ƙarshe, wadda ba ma son yi: lokacin da ciwo ya kai inda ba a dawowa. A nan mun kasu biyu, kuma duka biyun muna kuskure. Wasu sun ce asibiti ba ya hana mutuwa, sai su bar tsoho yana nishi dare da rana da ciwon daji ko gyambo, suna cewa ai kaffara ce. Kaffarar tana ga Allah, amma ba a ce kai ka tsaya kallo ba. Neman magani umarni ne, rage raɗaɗi kuma magani ne. Akwai fannin likitanci da aikinsa ke nan, kula da wanda ba za a iya warkarwa ba don ya ƙarasa kwanakinsa babu azaba, kuma UCH tana da sashensa tun 2007. Suna ba da maganin ciwo mai ƙarfi irin mofin, da awo, a hannun likita, kuma wannan ba shaye-shaye ba ne. Wasu kuma ba sa tashi sai daren ƙarshe, a kwashe shi a guje, a sayar da abin da aka mallaka, a sa masa roba a hanci da baki, kwana biyu kuɗi ya ƙare, a sa hannu a ɗauko shi a bayan mota, ya cika a hanya. Wannan ihu ne bayan hari.

Abin da ya dace, tun da sauran lokaci, babban ɗa da wanda ke jinya su zauna da likita su tambaye shi ƙarara: wannan abin ana warkewa, ko sai dai lallaɓawa? In na warkewa ne, a yi iya ƙoƙari. In na lallaɓawa ne, a tambayi yadda za a kula da shi a gida, cikin iyalinsa, inda zai ji karatu a kansa, a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali ba da takura ba. Kashe mara lafiya don a hutar da shi haramun ne, babu saɓani. Amma barin abin da likitoci suka tabbatar ba zai amfane shi ba, wannan daban ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986 ta yi fatawa cewa idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya babu dawowa, ya halatta a cire na'urar numfashi. Malamai sun yi wannan aikin tun shekaru, mu ne ba mu tambaya ba.

Jinyar gida kuwa tana da ƙa'ida. Wanda ba ya iya juyawa a juya shi duk bayan awa biyu, a bushe masa jiki, a duba ƙugu da diddige da kafaɗa kullum. Kada a yi masa ɗura yana kwance, domin kunun yakan bi hanyar numfashi ya zama ciwon huhu. A zaunar da shi, ƙaramin cokali, a hankali. In ya kai ga ba ya karɓa, a riƙa jiƙa masa leɓe. Sannan mu tambayi kanmu, wa ke yin wannan aikin a gidajenmu? Matar ɗa ce, ko amaryar da aka auro masa da tsufa, ko jikar da aka cire daga makaranta. Mu maza muna shago, muna dawowa mu leƙa daga bakin ƙofa mu ce, "Sannu Baba." Ayoyin Suratul Isra'i na 23 da 24 da muke karantawa a wa'azin biyayyar iyaye da kai ɗan aka yi magana, ba da matarka ba. In ta yi, alheri ta yi, a gode mata, a ba ta hutu, a saka mata. Ɗa namiji ya wanke ubansa da hannunsa. Ba a taɓa jin wanda girmansa ya zube don haka ba.

Ba za mu rufe ba sai mun tuna da waɗanda ba su da kowa: tsohon maigadi, tsohon ɗan dako, mai yankan farce, mai ga-ruwa, waɗanda suka zo ci-rani rani ya cinye su, suke kwana a barandar masallaci. Da can tsarin Sabo mai gida ne ke riƙe baƙonsa, ya ba shi masauki, ya tsaya masa a ciniki, in ya kwanta ya yi jinyarsa, in ya mutu ya yi masa sutura. Da wannan aka gina unguwar nan. Yau mun riƙe la'adar mun saki amanar.

To me muke nema? Ba za mu jira Abuja ba. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa tun 2018, Allah Ya sa ta iso lungunmu, amma kafin nan ga abin da ke hannunmu.

Na farko, kowane masallacin layi ya rubuta sunayen tsofaffin da ke kewayensa, musamman marasa kowa, a san wa ke leƙa wa.

Na biyu, a buɗe asusun jinyar tsofaffi ƙarƙashin amintattu uku, a riƙa karanta lissafinsa a fili. 'Yan goro, 'yan kara, 'yan canji, mahauta, kowace ƙungiya ta sa nata. Duk gidan da zai kafa rumfar sadaka ya rage rabi ya zuba a nan, ladan zai isa ga mamacin in sha Allahu.

Na uku, 'ya'yanmu da suka karanci aikin jinya da lafiya su ba mu yini ɗaya a wata a yi wa dattawa awon jini da suga a harabar masallaci, a kuma samu matasa masu jin Yarbanci da Turanci da za su riƙa raka tsofaffi asibiti. A bincika wa jama'a yadda ake shiga inshorar lafiya ta Jihar Oyo.

Na huɗu, duk wanda ya haura hamsin, har da mu, ya rubuta wasiyyarsa yanzu: bashin da ake bin sa, wanda yake bi, wa zai riƙe dukiyarsa in hankali ya gushe, a ina yake so a yi jinyarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, muna roƙon fadar Sarkin Hausawa da limamanmu, kada a ƙara ɗaga hannu a yi addu'ar tafiya ga tsoho mara lafiya sai an amsa tambaya uku: likita ya gan shi? Shi ya nema da hankalinsa? Wa zai riƙe shi a can, da me? Mu dai daga yau in ba a amsa mana ba, ba za mu zo ba. A kira wani.

'Yan'uwa, mu da muke shekara hamsin da 'yan kai, furfura ta riga ta gama gemu. Yaran da suka taya mu ɗaukar jakar kakansu zuwa tasha suna kallo, kuma sun haddace hanyar. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya gafarta mana abin da muka yi cikin jahilci, Ya jiƙan wannan dattijo da sauran magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya sa mu cika da imani. Wanda yake da gyara ko raddi, shagonmu a buɗe yake, shafin mujallar nan ma a buɗe yake.